Ƙonannen Waken da Na Aika Ƙasar Damagaram

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku. Ga wata nan tafe, Allah ya sa ta same ku lafiya. Amma ba ta namun dawa ba ce, tawa ce. Da idona na gan ta, da hannuna na taɓa ta.

Garinmu yana arewa da Kano, ba nisa da Ɗambatta. Gona manne da gona, ba ka samun tafin ƙasa da ba shi da mai shi. Nan aka kawo ni aure daga wajen Bagwai, nan na haifi waɗanda na haifa, nan na tsufa. Cikin kayan da uwata ta haɗo ni da su, ban da tasoshi da tabarmi, akwai wani ɗan tulu cike da irin wake. Wake ne ƙanana, fari mai jan hanci. Ba ya daɗewa a wuta, harawarsa kuwa akuya ba ta barin ko tsinke. Uwata wurin tata uwar ta gaje shi. Ranar da za a tafi da ni ta ce, "Ki ci, ki bayar, amma kada ki bari tulun nan ya rasa iri."

Ban bari ba. Kowace kaka in an yi roro, sai in ware mafi ƙoshi, in shanya, in cakuɗa da toka saboda ƙwari, in zuba a tulu, in toshe bakinsa da laka, in sa a rumbu. Da malaman gona suka kawo sabon iri mai yawan 'ya'ya, mutane suka koma masa, ban ga laifinsu ba, mai iyali yawa yake nema. Ni dai na riƙe nawa a gayaunata, 'yar gonar da maigidana ya yanka mini a gefen gandu kafin Allah ya yi masa rasuwa.

Ana nan, ana nan, wata shekara sai aka ce garinmu zai yi ƙawa. Shugaban ƙaramar hukumarmu na lokacin da magajin wani gari na ƙasar Damagaram, can cikin Nijar, su suka shirya abin. Na kira ɗana na fari, wanda yake fataucin dabbobi, na tambaye shi.

"Kai, gari kuma yana yin ƙawa?"

Ya ce, "Inna, haka ake yi yanzu a duniya. Gari ya zaɓi wani gari a wata ƙasa, su riƙa ziyartar juna, kowa ya taimaki ɗan'uwansa da abin da ya iya."

Na ce, "To, ai mu mata mun daɗe muna yi. Allah ya sa albarka."

Ranar da baƙin suka zo, doguwar mota guda suka cika. An kafa allon ƙarfe a bakin gari, da sunan garinmu da nasu kafaɗa da kafaɗa. An yi rumfa a filin firamare, manya suka yi ta jawabi, samari suka buga ƙwallo. Mu tsofaffi aka ba mu girki a bayan gidan dagaci.

Ku da ba ku sani ba, Bakano da Badamagare abokan wasa ne tun kakanni. Duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya, ba a fushi, ramawa ake yi. To ina tsaye kan tukunya sai ga wata doguwar mata, tsarata, ta baro rumfar jawabi ta shigo mana babu ko jagora. Ashe ita ce shugabar matan garinsu.

Ta ce, "Sannunku da aiki, bayinmu! Ina fatan kun sa gishiri. An ce Bakano ko gishirin miya sai ya yi ciniki da tukunya."

Na ce, "Maraba da masu cin fara. Zauna ki huta, yau dai za ki ga nama ido da ido."

Ta yi dariya har sai da ta dafa turmi. Ta karɓe muciyar hannuna ta ce in matsa, tuƙin Kanawa ba ya nuna. Da aka sauke shinkafa da wake na zuba mata. Ta ci loma ɗaya, ta ci ta biyu. Ta tsinci ƙwayar wake ɗaya ta ɗaga ta duba.

"Wannan fa? Ba irin na kasuwa ba ne."

Na ce, "Na uwata ne."

Ta ce, "Uwarki ta san abinci. Ashe akan samu mai hankali a Kanawa."

Kafin la'asar na aiki surukata, matar ɗana, ta kai mata goro, yadda ake neman ƙawance. Ta karɓa, ta ɓare, ta ci rabi, ta aiko mini da rabi. Shi ke nan, an ƙulla. Na shiga ɗaki na ɗauko ƙwaryata mai zane, wadda ta taɓa tsagewa a baki aka ɗinke, na fasa lakar tulu, na cika ta da iri, na rufe da faifai, na miƙa mata a bakin mota.

Ƙwaryar ƙawance tana da ƙa'ida. Wadda take hannunta, ita aike ya hau, ɗayar jira za ta yi. Kuma ba ta komawa fanko. Ko ƙwayar gyaɗa ce a sa. Ranar da ƙawarki ta maido miki da ita babu komai a ciki, ba sai an yi miki bayani ba, ta yanke ƙawancen ke nan. Akwai kuma wata wadda ta fi duka nauyi a wurina: abin da kika bai wa ƙawa ya zama nata. Ba ki buɗe baki ki ce ta maido, ko ta sam miki daga ciki. In kin yi haka, kin mayar da kyauta ajiya, kin mayar da ƙawa mai gadi.

Shekaru suka yi ta tafiya, ƙwarya tana tafiya tare da su. Bayan kaka motar nan takan kai mutanenmu can, wata shekarar ta kawo nasu nan. Abin ya yi amfani, ba zan ɓoye ba. Masu allurar dabbobi sun yi aiki tare, malaman makaranta sun ziyarci juna, ɗana ma a nan ya san ɗanta, wanda shi ma dabbobi yake sayarwa, suka zama abokan ciniki. Ni in aika daddawa da barkono da ƙuli-ƙuli, ita ta aiko da cuku da kanwa da gero mai saurin nuna. Ba ta taɓa mantawa ta ɗora 'yar soyayyar fara a sama ba, wai don in san daɗin duniya kafin in mutu. Sau ɗaya na je da kaina. Na ga rairayi iyakar ganina, na ga gonarta. Ta kai ni rumbunta ta nuna mini wani tulu da aka toshe da laka, irin toshina. Ta ce waken uwata ne, gefe guda take ware masa, ba ta yarda ya haɗu da wani.

Daga baya shugaban ƙaramar hukuma ya sauka, wani ya hau. Can ma aka sake magajin gari. Babu wanda ya tashi ya ce an fasa ƙawance, motar ce kawai ta daina zuwa. Rubutun allo ya koɗe, awaki suka mayar da ƙarƙashinsa wurin shan inuwa. Mu dai ƙwaryarmu ba ta tsaya ba. Ɗana da ɗanta suna haɗuwa a kasuwar dabbobi ta bakin iyaka, sai ta bi ta hannunsu.

Sai shekarar gobara.

Da rani ne, ranar kasuwar Ɗambatta, maza duk sun fita. Rana ta take tsaka sai guguwa ta ratso gidan, ta ɗebi garwashi daga murhu ta watsa kan jinkar rumbu. Kafin a ɗebo ruwa wuta ta gama abin da ta zo yi. Alhamdu lillahi, babu wanda ya ƙone, ɗakuna ma sun tsira. Amma rumbunmu ya tafi. Da ƙasa ta huce na shiga tokar da sandata ina tonawa. Na sami tuluna ya fashe, waken ya zama baƙi ƙirin, in ka murza sai ya zama gari.

Abinci bai zama abin damuwa ba. Dangi da maƙwabta suka yi ta kawo dawa da gero har muka rasa wurin zubawa. Iri ne babu. Na bi gida gida wurin waɗanda na taɓa bai wa. Wannan ta ce sun cinye, waccan ta ce ya gauraye da sabo tun tuni. Na aika Bagwai gidan ƙanwata, Allah ya ji ƙanta, 'ya'yanta suka ce rabonsu da shi tun tana raye. A duk faɗin duniya, wuri ɗaya ya rage da waken uwata: tulun nan na ƙasar Damagaram. Ga damina ta ƙarato. In ya wuce ni bana, ban san ko ina da wata shekarar ba, ni da ƙawata duk mun tsufa.

Kuma ƙwarya tana hannuna. Tana rataye a ɗakina, wuta ba ta kai gare ta ba. Ni aike ya hau.

Surukata ta same ni a tsakar gida da waya a hannunta. Mace ce mai tausayi, ta ga na kwana biyu ba na cin abincin kirki.

Ta ce, "Inna, abin nan mai sauƙi ne. A kira ɗan ƙawarki a faɗa masa. Mudu ɗaya dai, wallahi da murna za ta bayar."

Na ce, "Na san za ta bayar. Shi ya sa ba zan roƙa ba."

"Ai ba roƙo ba ne, Inna, naki ne."

"Da nawa ne. Ranar da na miƙa mata a bakin mota ya tashi daga nawa. Ajiye wayarki, Allah ya yi miki albarka."

Na zauna na yi tunani. In na cika ƙwarya da dawar da aka kawo mana, za ta ci, ta yi godiya, ba za ta san komai ba. In na riƙe ƙwarya, za ta yi ta jira har damina ta wuce. In na aika fanko, na kashe ƙawance. Sai na tashi na ɗauki tsintsiya na koma inda rumbu yake. Na tattara ƙonannen waken nan da tokarsa, na cika ƙwarya, na tura tsingaron bakin tulun a tsakiya, lakar tana manne da shi. Na rufe da faifai, na ɗaure da zane.

Da ɗana ya zo zai tafi kasuwar iyaka, na miƙa masa. Ya ɗaga faifai ya leƙa, ya dube ni.

"Inna, gawayi za ki aika wa mutanen wata ƙasa?"

Na ce, "Fanko ce?"

"A'a."

"Na roƙi wani abu?"

"A'a, amma za su ce raini ne. Ni da ɗanta fa muna ciniki."

"Ɗauki ka kai. Kuma ban yarda ka yi maganar gobara ba."

"In ya tambaye ni mutanen gida fa?"

"Ka ce lafiya. Ai lafiyar ce, wa ya ƙone?"

Ya girgiza kai, ya ɗauka. Yaro ne mai biyayya, ko da yake a lokacin furfura ta fara fito masa.

Ruwan farko ya sauka. Aka shuka gero, ya tsiro, ya yi kunne. Wake a wurinmu bayan gero ya tashi ake sa shi a tsakanin layuka, don haka ina da sauran lokaci, amma ba mai yawa ba. Aka yi noman firi, wato noman farko. Maƙwabta suka shuka wakensu. Ni gayaunata gero kaɗai, tsakaninsa fili. Masu wucewa su ce, "Inna, bana ba a wake ne?" In ce, "Yana hanya."

Ɗana ya koma kasuwar iyaka ya dawo fuska a murtuke. Ya ce ɗan ƙawata ya gaishe shi da ƙyar, ko shayi bai tsaya sun sha ba, bai kuma ambaci ƙwarya ba. Washegari na tarar da mudun sabon iri a ƙofar ɗakina, ya sayo a Ɗambatta bai faɗa mini ba.

Ya ce, "Inna, ki sa wannan kafin lokaci ya ƙure. Gona ba ta zama haka."

Ba zan ce zuciyata ba ta motsa ba. Na zauna na dubi mudun nan na daɗe. Ban yi shakkar hankalin ƙawata ba, ko kaɗan. Abin da na ji tsoro shi ne ko ba ta da lafiya, ko ta riga ni tafiya ba a faɗa mana ba. Amma da mutuwa ce, ɗanta ba zai yi fushi ba, kuka zai yi. Mai fushi uwarsa tana da rai. Sai na mayar masa da mudunsa.

Na ce, "Na gode. Kai gandu ka shuka. Gayauna tana da mai zuwa."

Wata rana da hantsi, an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, ina duƙe ina cire ciyawa, sai na ji babur ya tsaya a bakin hanya. Sai murya, irin wadda ake ji daga gona uku.

"Ina Bakanuwar nan mai fataucin gawayi? Fito in biya ki kuɗin kayanki!"

Na miƙe. Ga ta nan tana saukowa daga bayan ɗan acaɓa da ƙyar, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, zanenta duk taɓo, ƙwarya ɗaure a ƙirjinta kamar jariri. Tsohuwa kamar ni, ta hau motar dabbobi har iyaka, ta hau wata har Ɗambatta, ta ƙarasa a babur.

Na ce, "Kin makara. Ko sai da kika tsaya kamun fara a hanya?"

Ba ta rama ba. Ta ƙaraso ta kama hannuna biyu, ta ce, "Ƙawa, ashe abin da ya same ku ke nan. Allah ya mayar da alheri. Allah ya tsare gaba." Sai da ta gama jajen nan tsaf, sannan muka zauna a gindin kuka ta ba ni labari.

Ashe lokacin da ƙwarya ta isa ba ta gida, ta tafi wani gari wankan jegon 'yarta. Ɗanta ya buɗe ya ga toka, ya ce iri ne aka aiko, tunda da toka ake ajiye shi. Matarsa ta ɗebi kaɗan ta tankaɗe a rariya, sai ga gawayi. Ransa ya ɓaci, ya ce wasan Kanawa ya wuce iyaka, ya tura ƙwaryar ƙarƙashin gado don kada uwarsa ta gani ta ji ciwo. Da ta dawo ta ce, "Har yanzu ƙwaryata ba ta zo ba? Matar nan ba ta taɓa riƙe ta haka ba." Suka yi ta kame-kame, ta matsa, suka fito da ita.

Ta ce, "Ina buɗewa na ji warin jinka. Tokar murhu daban, tokar rumbu daban. Na sa hannu na ci karo da tsingaro, ga lakarki a jiki, har da shaidar yatsanki. Na ce wa ɗana, kai sakarai, mu da Kanawa muna wasa da gishiri, muna wasa da nama, amma ka taɓa jin an yi wasa da iri? Matar nan ba za ta ƙona waken uwarta don ta ba ni dariya ba. Rumbunta wuta ta ci."

Na ce, "Da kin aiko shi da ita, da kin huta."

Ta ce, "Jajen gobara ba a aika yaro."

Ta kwance zane ta ɗaga faifai. Fari ne, ƙanana, mai jan hanci, cikin toka mai tsabta. Su can ruwansu yakan makara, ba ta riga ta shuka ba, sai ta fasa tulunta ta raba biyu daidai. Na ɗebo a tafin hannuna na hure tokar. Na tsura masa ido. Ita ma ta bar ni, ta juya tana kallon gero kamar ba ta taɓa ganin gero ba.

Can ta ce, "Amma ki sani, wannan ba Bakano ba ne yanzu. Ya sha ruwanmu ya ƙoshi, ɗan Nijar ne. In hukuma ta tambaye ki takardunsa, babu ruwana."

Na ce, "Ya dawo gidan ubansa. Tashi ki kama sungumi, tunda kin zo sai kin ci guminki."

A ranar muka shuka. Ita tana gaba tana sara, ni ina baya ina jefa iri ina binnewa da diddige. Ɗana ya zo ya tsaya a bakin gona, ya cire hula ya mayar. Ta ce masa, "Kai ne ɗan aiken gawayi? Zo ka gaishe da uwar gidanku." Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya karɓi sungumin ya ƙarasa mana.

Waken ya tsiro. Bai yi yawa ba a shekarar, don ya shiga ƙasa a makare, amma da kaka ta yi na cika sabon tulu har wuya, na toshe da laka. Na dafa kaɗan na ci, shi ne, bai canza ba.

Ɗanta ya zo da kansa bayan kaka ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ba ni haƙuri. Na ce babu laifi, uwarsa ya kare. Shi da ɗana har yau suna ciniki, har sun haɗa hannu suna loda mota ɗaya. Surukata ta roƙe ni iri, ba ni na ce ta yi ba, yanzu tana da nata tulun a ɗakinta, nesa da rumbu. Tsohon shugaban ƙaramar hukuma yana nan ya koma gonarsa, magajin garin da suka shirya abin tare an ce ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Motar ba ta dawo ba. Allon kuwa dagaci ya sa samari sun sake masa fenti bayan zuwan ƙawata, sunayen biyu sun fito raɗau, awaki dai ba su bar ƙarƙashinsa ba.

Ƙawata tana nan da ranta. Idonta ya yi rauni, ba ta tafiya mai nisa, amma an ce bakinta bai rage komai ba. Ni ma ga ni, ina fita gayauna da sanda. Ƙwarya an ƙara mata ɗinki na biyu. Yanzu haka tana can wurinta, na aika da ita cike da daddawa bayan sallar layya, ita aike ya hau.

Iyakar tawa ke nan, a nan na sauke ta.